Bencin Ɗan Hajiya

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. A Islamiyya tambaya, a gidan suna tambaya, Ladi mai awara har tare ni ta yi a bakin famfo wai da gaske ne mutanen Malesiya da shinkafa suke karya kumallo. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowacce ta ji sai ta ƙara nata gishirin kafin ta miƙa gaba. Shekaranjiya labarin ya zagayo ya dawo mini wai na shiga fili na buga ƙwallo da hijabina. To ga shi na zauna na rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, a bar ni in huta.

Saboda wadda takardar za ta faɗa hannunta alhali ba 'yar Tudun Wadar Zariya ba ce, bari in fara da wanda na je wurinsa. Shi ne babba a ɗakina, kuma kun san ba za ku ji sunansa a bakina ba, balle in rubuta. Ɗan Hajiya nake ce masa, domin ranar da aka yaye shi uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta goya shi ta wuce sashenta, kamar yadda muka tarar ana yi. In ya shigo tsakar gida, ni sai in sami abin dubawa a cikin faifai. Ya tashi ya ji ƙannen babansa suna ce mini Yaya, shi ma ya ɗauka, har gobe haka yake kirana.

Kawunsa ne ya kai shi Kuala Lumpur karatun kwamfuta, a wata 'yar kwaleji da ke saman shaguna. Da suka ga tsawonsa sai suka sa shi a ƙungiyar ƙwallon kwando, wadda ake jefawa da hannu cikin raga a sama. Na san yana yi, ban dai taɓa tambaya ba. Ƙanwarsa Zainab ce wakiliyarmu: in ya bugo waya mu gaisa a taƙaice, sauran maganar ta bi ta kunnenta. Ita ce ta same ni ina tankaɗe ta ce, "Umma, ya ce in da hali ki je kafin bikin gama karatun. Akwai wasansu na ƙarshe."

Na ce, "Ni me ya haɗa ni da ƙwallo?"

Sai ta ja kujera ta warware mini. Ashe shekara uku yana cikin ƙungiyar, ba ya fashin atisaye, amma bai taɓa taka fili a wasan gaske ba, kullum a benci yake ƙarewa. Kocinsu kuma yana da wata al'ada: duk yaron da uwarsa ko ubansa ya zo kallo, sai ya sa shi a wasan, ko shi ne koma-baya. 'Ya'yan ƙasar duk sun sami rabonsu, tun da iyayensu na kusa. Shi ne har yau shiru. Babansa kuwa ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Zainab ta ce, "Umma, bai fa taɓa roƙonki komai ba."

Na ci gaba da tankaɗena. Da yamma na aika a kirawo mini tela.

Daga Kano muka tashi, aka sauke mu a Alƙahira jiran wani jirgin. Sanyin na'urar wurin sai da na ciro zani na biyu na ƙudundune. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Malesiya, ta je duba ɗanta da ke karatu a can za ta koma gida. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma hira muka sha. Ta miƙo mini dabino, ta ciro hoton ɗan nata, ta sumbace shi a gaban jama'a, tana ta nanata sunansa don in riƙe. Na ce a raina, wannan baiwar Allah ba ta da ta ido. Da ta yi mini alamar in nuna nawa, sai na ciro hoton Zainab. Nasa yana ƙasan jaka cikin littafin addu'o'i, a nan na bar shi.

A filin jirgin Kuala Lumpur aka buɗe kayana. Jami'ar yarinya ce ƙarama mai fara'a, har sai da hancinta ya kai ga ƙullin daddawa. Ta ja da baya, ta kira abokin aikinta, shi ma ya sansana ya rufe ido. Turancina na cefane ne, don haka na yi musu alamar tuƙa miya a tukunya. Daga ƙarshe suka riƙe kilishin, wai nama ba ya shiga ƙasarsu, doka ce. Daddawar kuwa da sauri suka mayar mini, ina jin ba mai son ta kwana a ofishinsa. Kilishin nan takanas na aika Kano aka yo don Ɗan Hajiya, kuma ya ƙona mini rai. Daga baya da aka ba ni wani ɗan itacensu mai ƙaya da suke kira duriyan na sansana, na ce lallai mutanen nan ba su da bakin zagin daddawa.

Yana tsaye a bakin ƙofar fita, shi da abokin zamansa, wani ɗan Jos mai suna Gyang, wanda yake cikin gwanayen ƙungiyar. Ɗan Hajiya ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Na amsa ina kallon Gyang. Na tambayi Gyang lafiya, da karatu, da ko suna samun abinci, da ko sauro na damunsu, shi kuma yana ta amsawa da Hausarsa ta Jos yana jin daɗi wai na damu da shi. Ta wutsiyar ido na ga wanda nake tambaya dominsa. Ya ƙara tsawo, ya rame a wuya, kuma rigarsa ba guga.

A unguwar Taman Melati aka sauke ni, gidan Malam Nura, wani Bakatsine da ke digirin digirgir, da matarsa Hauwa. Bene ne hawa kan hawa, ƙofa na kallon ƙofa, takalma jibge a bakin kowacce don ba mai shiga ɗaki da su, ko baƙo ne. Washegari na makara, na tashi rana ta fito, na shimfiɗa darduma na dubi inda take fitowa na tayar da salla. Sai na ji hannun Hauwa a kafaɗata bayan na sallame.

"Mama, ki yi haƙuri, sai kin sake. Nan alƙibla yamma take."

Na ce, "Hauwa, ba na son wasa da salla."

Ta nuna mini wata kibiya da aka manna a silin. Ashe mun wuce Makka mun bar ta a baya. Ni da na tashi na ji ana cewa wane ba ya kallon gabas in ana nufin ba ya salla, ga ni a ƙasar da duk masallatanta sun ba gabas baya. Har na baro ƙasar, in na kabbara sai in ji kamar wani zai taɓo ni ya ce na juya.

Ladi, amsar tambayarki: e, da shinkafa suke karyawa, an dafa ta da ruwan kwakwa, da ɗan yaji mai zaƙi da ƙananan kifi. Komai nasu sai sun sa sukari, har miya. Gaisuwarsu ma ta abinci ce, kowa ka haɗu da shi sai ya tambaye ka ko ka ci, ba mai tambayar gajiya ko iyali. Jirgin ƙasansu kuma a sama yake tafiya, kuma ba direba. Ranar farko na je har gaba na leƙa, na ga wasu yara ne tsaye a inda ya kamata mutum ya zauna, na dawo na kama ƙarfe ina salati har muka sauka.

Abin da ya ɗan sosa mini rai shi ne sunan da suka laƙaba mini. Mai kanti a ƙasan bene, mai sayar da kifi, matar da ke maƙwabtaka da su Hauwa, kowa ya gan ni sai ya yi murmushi ya ce, "Kaka." Ni da ko furfura ɗaya ban ajiye ba. Na so in yi wa Hauwa ƙorafi, sai na ga kamar zan zama mai gudun tsufa, na haɗiye. Da na ƙara tunani ma sai na ga ya yi mini daidai. In sun ɗauke ni kakar Ɗan Hajiya, sun hutar da ni bayani. Na koma duk wanda ya ce Kaka, sai in gyaɗa kai in amsa.

Ana gobe wasa Malam Nura ya kai mu shan shayi bayan magariba, a irin shagunan Indiyawa Musulmi da suke kira mamak. A nan na ga masu ciwon ƙwallon kwando. Ba fa manyan ƙungiyoyi na talabijin suke bi ba, 'yan ƙananan kwalejojin nan ne da ko unguwar gaba ba a san da su ba. Shugabansu wani tsohon Basine ne, Ankal Tan, da ya yi ritaya daga gyaran jiragen ƙasa. Ba ɗansa a ƙungiyar, ba jikansa, amma ya san wanda gwiwarsa ke ciwo da wanda budurwa ta yaudara. Malam Nura ma ashe ɗan hannu ne. Suna zama suka kaure da gardama, shi yana yi yana juya mini.

Ankal Tan ya ɗaga yatsu biyar. Ya ce mutum biyar gare su, biyar ɗin nan kuma zinare ne, a bar su su yi wasansu daga farko har ƙarshe. Kocin ne ke ɓata lamari da tausayin iyaye. Ya ce kwanan baya uwar wani ta zo daga ƙauye da lema da kwanon abinci, aka sa ɗanta, ya miƙa wa abokan hamayya ƙwallo har sau biyu kamar mai rabon sadaka. Shi yanzu in ya ga mace da jaka ta shigo ɗakin wasa gabansa faɗuwa yake yi.

Malam Nura ya juya mini wannan yana sosa ƙeya, ya ƙara da cewa, "Mama, haka bakinsa yake, kada ki damu." Sannan ya koma kan tsohon. Ya ce biyar ɗin nan mutane ne, ba injin markaɗe ba. Duk wasan da suka faɗi a bana, a zangon ƙarshe suka faɗi, lokacin da ƙafafu suka mutu. Matsalarsu ba su da zurfi.

Na ce, "Zurfi kuma? Rijiya ce?"

Ya yi dariya ya ce haka masu abin suke faɗa. Ƙungiya mai zurfi ita ce wadda in na fili ya gaji, na benci zai tashi ya karɓe shi ba a ga bambanci ba. Kuma ba yadda za a yi na benci ya iya in ba a taɓa sa shi ba.

Na ce ai wannan ba sabon abu ba ne. A gidan biki taɓarya uku ke shiga turmi, amma mata goma ke tsaye a gefe, in babu su ba a cin tuwo ranar. Da aka juya wa Ankal Tan ya buga tebur don daɗi, ya ce Kaka ta fi kocin hankali. Sai kuma ya ɗaga yatsa ya ce amma wadda ke jiran taɓarya sai ta iya daka, in ba haka ba ta fasa wa mutane hannu. Ya nuna Ɗan Hajiya da ke can ƙarshen tebur yana yagar burodinsu mai laushi. Ya ce ga misali: a atisaye hannunsa kamar da danƙo, ba ƙwallon da ke dawowa daga raga ta wuce shi, amma wa ya san abin da zai yi in mutane na ihu? Ɗan Hajiya bai ɗago ba. Ni kuwa maganar ta yi mini zafi, na kuma ji haushin kaina da ta yi mini zafin, na ce a ƙaro mini shayi.

A unguwar Sentul aka yi wasan, cikin wani ɗaki mai rufin kwano, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. 'Yan kallo ba su kai mutanen ɗaurin auren talaka ba. Malam Nura ya sauke mu ni da Hauwa ya tafi neman wurin ajiye mota, Hauwa kuma ta tsaya sayen ruwa, sai na zauna ni kaɗai a layi na uku. Can na ga kocin yana bin iyaye ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su. Mista Raju sunansa, tsohon Ba'indiye mai farin gashin baki. Da ya iso kaina ya yafito Gyang ya yi mana tafinta.

Gyang ya ce, "Yaya, yana tambaya wai ke mece ce a wurinsa." Ya nuna can ƙarshen fili inda Ɗan Hajiya ke ɗumama jiki.

Ku da kanku kun san ba amsar da zan iya bayarwa. Na kau da kai na ce, "Ɗan Hajiya ne."

Gyang ya yi masa Turanci mai ɗan tsawo. Mista Raju ya dube ni da kyau ya ce, "Kaka?" Na ji sanyi a raina, na ce ga mafita, kaka ai uwa ce. Na gyaɗa kai har sau biyu. Ya ɗan rusuna ya wuce.

Aka hura usur. Ba zan ce muku na gane dokokin ba, gudu ne dai sama da ƙasa da ƙarar takalma. Gyang kuwa gwani ne, in ya yi tsalle sai ka ce ba zai sauko ba. Tun a zangon farko aka sa wani ɗan siriri mai tabarau saboda babansa ya zo, uban ya miƙe tsaye yana ɗaukar hoto, Ankal Tan a bayanmu yana ta tsaki. Ni idona na kan benci. Ta baya nake ganinsa, kuma baya dai ba kunya a kalle shi. Sabon takalmi ne a ƙafarsa, fari tas. Duk sanda aka hura usur kocin ya waiwayo, sai in ga bayan nan ya miƙe, in an kira wani sai ya koma ya lanƙwashe.

Aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo, shiru. Malam Nura ya fara duba agogo yana gyara zama. Namu da suke gaba aka fara cim musu, don biyar ɗin zinaren sun soma riƙe ƙugu. Sai Ankal Tan ya sunkuyo ya faɗi wata magana yana girgiza kai, na ga Malam Nura ya juya gaba ɗaya.

Ya ce da ni, "Mama, me kika ce wa kocin?"

Na faɗa masa yadda aka yi.

Ya dafe kai. "Ankal cewa ya yi abin tausayi, yaron nan zai gama bai taɓa shiga ba, da uwarsa ce ta zo ba yayarsa ba. Mama, ba Kaka suke ce miki ba. Kakak ne, ƙarshen ne ba sa fitarwa. Da yarensu yaya mace ke nan, kowace mace suna kiranta haka don girmamawa. Gyang ya ji ana ce miki Yaya ya ce masa ke yayarsa ce, kocin ya tambaye ki da kansa, kika ce e."

Hauwa ta ce, "Innalillahi. Mama, ai da kin tambaye ni."

Da aka tsaya kafin zangon ƙarshe Malam Nura ya sauka da sauri. Ina kallonsa yana bayani da hannu biyu, Mista Raju yana girgiza kai. Ya dawo jiki a sanyaye. Wai an taɓa yi wa kocin wayo, wani yaro ya kawo mai sayar da shinkafa a ƙofar kwaleji ya ce uwarsa ce, tun daga ranar ba ya karɓa sai daga bakin uwar. Kuma matar nan ta gaya masa da bakinta ɗan wata Hajiya ne.

Malam Nura bai ce in je ba. Bakatsine ne, ya san abin da ke nan. Ya zauna kawai yana kallon ƙasa.

Na tuna Hajiya, wadda har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta kama sunan babansu ba. Na tuna ku, da abin da za ku ce in labari ya iso Tudun Wada. Na ce a raina ai ya san na zo, zuwan ma ya isa. Aka hura usur, aka ci gaba, lokaci na tafiya. Sai na ga ya sunkuya a hankali ya fara kwance igiyar sabon takalmin.

Ban san sanda na miƙe ba. Na sauka, kuma da yake ban san ta inda ake bi ba sai na yanka ta kusurwar fili. Alƙalin wasa ya hura usur, yara suka tsaya cirko-cirko da ƙwallo a hannu. Iyakar shigata fili ke nan, masu cewa na buga. Na isa gaban Mista Raju. Gyang na zaune a benci an ɗora masa ƙanƙara a ƙafa, jijiya ta riƙe shi.

Na ce, "Gyang, faɗa masa."

"Me zan ce, Yaya?"

Mutumin yana zaune bai fi taku biyu daga inda nake ba, hannunsa na kan igiyar takalmi. Na ce, "Ka ce ni ba yayarsa ba ce. Ɗana ne. Ni na haife shi, shi ne na farina."

Gyang ya saki baki yana dubana yana duban abokinsa. Ya fara juyawa yana in'ina, amma Mista Raju bai jira ya gama ba, don ba shi yake kallo ba. Ɗan Hajiya yake kallo, wanda ya kifa kai a kan gwiwa kafaɗunsa na rawa. Tsohon ya dafa ƙirji ya rusuna mini, sannan ya kira sunan. A karkace ya fito a bakinsa, amma na gane shi. Gyang ne ya jawo ƙafar abokinsa ya ɗaure masa igiyar.

Ba zan yi muku ƙarya ba don nawa ne. Ƙwallon farko da aka jefo masa ta bi ta tsakanin hannayensa ta fita waje, ina jin idonsa bai gama washewa ba. Daga inda nake tsaye na jiyo Ankal Tan yana kiran sunan wani abu da yarensu. Amma da aka jefa ta gaba ta daki ƙarfe ta dawo, sai na ga hannu ya fi na kowa tsawo ya cafke. Ya sake cafke wata. Wani ya taso zai jefa, ya doke ta har sai da ta bugi bango. Can aka ture shi, aka ba shi jifa biyu ba mai tare shi. Ta farko ko ƙarfen ba ta taɓa ba. Ta biyu ta yi ta zagaya bakin ragar kamar mai shawara, sannan ta faɗa. Maki ɗaya ke nan, shi ne duk abin da ya ci a Malesiya. An cinye su kuma, da ɗan kaɗan.

Ana tashi gardama ta dawo sabuwa. Ankal Tan ya ce ƙwallon farkon nan da ta zube ita ta kashe su. Malam Nura ya ce in ban da wanda ya cafke sauran da kashin ya fi haka. Tsohon ya tambaya ko yaron zai dawo baɗi. Aka ce ya gama. Ya ce shekara uku ana ajiye da wannan a benci, lallai kocin nan ba shi da hankali. Da bakin da ya ce kada a sa shi ya faɗa, kuma ko a jikinsa.

Bikin gama karatun an yi lafiya, da hula mai tuntu da hotuna, duk kun gani a wurin Zainab. Dawowa ma lafiya, sai dai jakata ɗaya ta kwana a Alƙahira ta biyo ni daga baya. Saura abu ɗaya da ban faɗa wa kowa ba, kuma a rubuce kawai zan iya.

Su can in an tashi daga wasa, kowane yaro wurin iyayensa yake zuwa, ya kama hannun uwar ya sumbata ya ɗora a goshinsa. Ina tsaye a gefen benci na ga suna ta yi. Shi ma ya taho, ya tsaya a gabana, ya rasa yadda zai yi da hannayensa. Sai ya durƙusa irin na gida, kansa a ƙasa. Rabona da taɓa kan nan tun ranar da aka yaye shi. Na ɗora hannu.

Gumi ne sharkaf, gashin da tauri irin na babansa. Yatsana ya ci karo da wani tabo a bayan kunnensa na hagu, dogo, ya daɗe da warkewa.

Na ce, "Wannan fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Katangar makaranta ce, ina aji uku. Hajiya ta kai ni aka ɗinke."

Sai na tuna wani lokaci da ya yi ta yawo da hular sanyi har cikin gida ana tsakar zafi. Na ɗauka rigimar yara ce, ban tambaya ba.

Na ce, "Ya yi zafi?"

Ya yi 'yar dariya. "Ya yi."

Na bar yatsana a wurin. Na ce, "Sannu."

Ya ce, "Yawwa, Yaya."